Kwarankwatsa da Fitilun Tudun Marke

Kai, ku daina cika mini kunne da tsaki don an ɗauke wuta! Ku matso kan tabarma ku ji dalilin da ya sa hadari na haɗuwa ake ɗauke ta, tun ɗigo ɗaya bai taɓa ƙasa ba.

Da ba haka abin yake ba. Akwai wani tsoho, Kwarankwatsa, wanda kakannin kakanninmu suka bauta wa kafin su san salla. Da suka bar shi bai yi fushi ba. Ruwa dai na Allah ne, shi nasa koro gajimare zuwa inda aka aike shi, kamar makiyayi da shanu. Ya ci gaba da aikinsa, ko zakara babu mai yanka masa. Da yamma yake tasowa, in ya leƙo ya hango duhun gari da ɗan jan wutar murhu, sai ya tsaya ya zuba.

To, sai aka kawo wa Tudun Marke lantarki. Zo ku ga murna! Kowane gida ƙwai, kowane shago ƙwai, har wanda ba shi da ƙofar kirki ya rataya biyu. A shekarar ne damina ta ƙi garin. Hadari zai haɗu baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya su jera bokitai, sai a ga ya juya ya je ya zube a daji.

Akwai wata dattijuwa, Tabawa, mai riƙon jikokinta marayu. Ta shuka gero, ya tsiro ya ƙone. Ta sake, ya sake ƙonewa. Ɗan irin da ya rage mata ta binne shi a busasshiyar ƙasa tana jiran ikon Allah. In ruwa bai sauka da wuri ba tururuwa za su kwashe shi, ita kuma dole ta rarraba yaran a gidajen dangi. Wannan take tsoro fiye da mutuwarta.

Wata rana da la'asar tana dawowa daga gona, ta tarar da wani tsoho a bakin tasha, rigarsa jiƙe sharkaf a tsakiyar wannan fari, 'yan acaɓa na ta yi masa dariya.

Ta ce, "Sannu Baba, wa kake nema?"

Ya ce, "'Yata, Tudun Marke nake nema."

"Ai kana cikinsa."

"Haba! Ni da na san garin nan tun yana bukkoki? Kullum na koro musu ruwa, in na iso daidai nan na leƙo, sai in ga taurari a ƙarƙashina. In ce assha, tsufa ya sa na hau da yawa har na wuce taurari. In juya in sauko, sai in tsinci kaina a daji. Shi ne yau na ce bari in zo da ƙafa in yi tambaya."

Yana magana ƙasa na ɗan girgiza. Nan Tabawa ta gane ko wane ne. Ta tuna da yaranta, ta dake. Ta nuna masa ƙwan wani shago ta ce, "Baba, ga taurarin naka nan."

Ya ƙura masa ido ya ce, "Wannan ɗan abin? Ni kam daga sama idona ba zai raba su ba."

Ta ce, "Koma ka koro. Za ka tarar da garin yadda ka san shi."

Ta zarce ofishin masu wuta, wurin Sallau ɗan wanta, wanda babban makunnin garin ke hannunsa. Da ya ji labarin ya dafe kai.

"Gwaggo, so kike a kore ni? Yau ana buga ƙwallo, gidan kallo cike yake maƙil!"

Ta ce, "Sallau, ni na goya ka, ban taɓa roƙonka komai ba. In geron nan ya mutu, da hannunka za ka taya ni raba yaran nan."

Ana idar da magariba hadari ya taso daga gabas, ya zo daidai kan garin ya fara juyawa yadda ya saba. Sallau ya dubi gwaggonsa, ta kafe shi da ido, hawaye na zuba. Ya yi bisimilla ya ja makunnin.

Gari ya yi ɗif. Daga gidan kallo aka shiga zaginsa har kakanni. Can sai aka ji wata irin tsawa a sama, kamar tsoho ya fashe da dariya: "Af, ashe ga ku nan!"

Jama'a, aka kece da ruwa! Masu zagin suka fito suna rawa cikin taɓo. Geron Tabawa ya tsiro, ya yi zangarniya har da kyauta ga maƙwabta, yaranta kuma duk a ɗakinta suka girma. Sallau ba a kore shi ba. Labari ma ya bazu, masu wuta na sauran garuruwa suka ɗauki al'adar.

Shi ya sa har gobe, hadari na tasowa ake ɗauke wuta. Don haka ku bar tsaki, ku tashi ku fitar mini da bokitai. Tsohon yana hanya, kuma yau zai gane gidanmu.