Gyaran Murya a Bakin Tanderu

Godiya ta tabbata ga Allah wanda yake ɓoye zaɓaɓɓun bayinsa a cikin jama'a, tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ga kaɗan daga abin da Allah ya bayyanar a hannun malaminmu kuma shehinmu, masani mai aiki da saninsa, mai tsantseni, mai zuhudu, kogin fiƙihu, wanda harshensa bai gushe ba yana ɗanye da ambaton Ubangijinsa, Allah ya ƙara masa yarda. Mutum ne mai ƙarancin magana, ta yadda ko ɗalibi ya yi kure a karatu ba ya yi masa tsawa, gyaran murya kawai yake yi, sau ɗaya, a hankali, kuma duk wanda ya taɓa zama gabansa ya san wannan gyaran muryar ko a tsakiyar taro ya ji ta.

A shekarar da annoba ta sa aka kulle gari, kasuwa ta mutu, shaguna suka yi tsit, Malam ne ya fara rufe ɗakin karatunsa, ya koma ba da karatu ta taga, ɗalibai na zaune nesa da juna a kan benci, kowa da takunkumi a fuska. Mutane da yawa suka yi koyi da shi. Amma akwai wani mai gidan burodi a layinmu, wanda ake yi wa laƙabi da Sai-na-gani, shi kam cewa ya yi akwai wata a ƙasa, ba a banza Malam ya riga kowa bin dokar gwamnati ba. Kada wannan ya ba ku mamaki, domin bawan Allahn nan ko gaishe shi aka yi da fara'a sai ya koma gida yana tunanin me ake nema a wurinsa. Ba mugu ba ne, hannunsa a sake yake ga mabuƙata, zuciyarsa ce dai ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba, kuma shi ya fi kowa shan wahalarta.

Wannan halin ne ya raba shi da ƙaninsa. Tare suka gaji gidan burodin daga mahaifinsu, tare suke kwaɓi, tare suke gashi, har ranar da yayan ya fara kulle ɗakin fulawa yana sa makullin a aljihu, ya kuma fara bin ƙanin da ido duk lokacin da ya tsaya hira da masu sarin burodi. Ƙanin ya haƙura iya haƙuri, daga baya ya tattara nasa ya nasa, ya gina ɗan ƙaramin tanderu a ƙarshen layin. Tun daga nan ko gaisuwa ba ta ƙara haɗa su ba, tsohuwarsu ta yi faɗan har ta gaji ta bar wa Allah.

Da annoba ta lafa, aka sanar a rediyo cewa za a buɗe kasuwanni, kuma gwamnati za ta tallafa wa tsofaffin gidajen burodi da fulawa da sukari da yis don su tashi. Sharaɗi ɗaya aka gindaya: safiyar da za a buɗe gari jami'ai za su zagaya, duk wanda ba a ga burodinsa a kan tebur ba, a kwashe kayan a ba wani. Sai-na-gani ya samu, ƙaninsa bai samu ba, saboda nasa gidan sabo ne. Da aka sauke buhunan, ya kwance bakin kowanne ya sansana, ya tankaɗe ya duba ko da ƙwari, har sai da ya kwaɓa kaɗan ya jefa wa kajin maƙwabta ya tsaya yana kallonsu, domin a ganinsa gwamnati ba ta kyauta sai da dalili. Kajin ba su mutu ba. Duk da haka bai saki jiki ba, amma ya san abu guda: ma'aikatansa sun watse, ɗakin ajiyarsa babu komai sai waɗannan buhunan, idan aka kwashe su, gidan burodin mahaifinsa ya rufu ke nan har abada.

Ana gobe za a buɗe gari, tsohuwarsa ta matsa masa ya je Malam ya sa wa aikin albarka. Ya tafi da hantsi ba don ransa ya so ba. Yana shan kwanar gidan Malam sai ga ƙaninsa yana fitowa, kansa a sunkuye, suka wuce juna kamar ba ciki ɗaya suka fito ba. Ya tsaya nesa da taga ya yi gaisuwa, ya faɗi abin da ke tafe da shi. Malam, Allah ya ƙara masa haske, ya yi masa addu'a yana jan carbi, sannan ya ce:

"Ka je ka kwaɓa fulawarka yanzu. Amma tanderun nan, kada ka shiga cikinsa sai an yi la'asar."

"Allah ya gafarta Malam, ai tanderu ake fara gyarawa, kwaɓi daga baya yake zuwa."

"Na sani," in ji Malam, ya mayar da idonsa kan littafin da ke gabansa.

To, wanda bai san sana'ar ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. Tanderun babba ne, na bulo da laka, rufinsa kamar kifaffiyar ƙwarya, kuma idan ya daɗe ba wuta, dole mutum ya rarrafa ciki ya share toka, ya lalube tsagogi ya liƙe su da laka, sannan a sa masa wuta kaɗan kaɗan na tsawon wuni kafin ya karɓi burodi. Shi kuwa kwaɓi, da zarar yis ya shiga, ba ya jiran kowa: zai tashi, ya cika, ya zube, ya yi tsami. Wanda ya kwaɓa da hantsi ya bar tanderu sai la'asar, ya zubar da fulawarsa da hannunsa.

A hanyar komawa Sai-na-gani ya ɗaga kai, sai ya ga hayaƙi na tashi daga bututun tanderun ƙaninsa. Nan ya tsaya cak. Mutumin da ba a ba shi ko cokalin fulawa ba, me yake hura wa wuta? Kafin ya kai ƙofar gida ya gama haɗa zancen a ransa: an shirya ne a lalata masa kwaɓi, gobe jami'ai su zo su tarar da tebur wayam, su kwashe buhunan su kai ƙarshen layi, inda tanderu ya riga ya yi zafi yana jira. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ba don ƙanin ba, wannan ya daɗe da yanke masa hukunci, sai don Malam, wanda a ƙasan zuciyarsa yake fatan a ce shi kaɗai ne ba ruwansa.

Ya faɗa wa tsohuwa yadda aka yi yana dariyar takaici. Ita kuwa ba ta yi dariya ba, ta ce tunda Malam ya ce a kwaɓa, a kwaɓa, kuma ba za ta sa komai a bakinta ba sai ya yi mata alkawari. Ya yi mata alkawarin kwaɓi, ya yi shiru a kan tanderu, ita ma ba ta lura ba. Ya wuce gidan burodin, wanda ke can bayan shagunan layin, ya kwaɓa shi kaɗai har kafaɗunsa suka yi tsami, ya yanka ya jera a gwangwanaye, ya rufe da ƙyalle. Dabararsa ita ce ya shiga tanderun nan take, ya gyara shi da sauri, ya ba shi wuta mai ƙarfi, ya ba maƙiya kunya. Sai dai laka ta ƙi samuwa da wuri, ya yi ta yawon nema, bai dawo ya gama cuɗa ta ba sai bayan azahar ta yi nisa.

Ya tuɓe rigarsa ya rataye a ƙusa, ya ajiye takalmansa a bakin tanderu kamar yadda mahaifinsu yake yi, ya ɗauki tsintsiya da fitila, ya durƙusa ya zura kai da kafaɗu cikin duhun. Gwiwarsa ɗaya ta shiga ke nan, sai ya ji gyaran murya a bayansa, sau ɗaya, a hankali.

Ya ja da baya ya waiga. Babu kowa, sai gwangwanaye a jere da hasken rana a bakin ƙofa. Ya san muryar sarai, amma ya san Malam bai taka waje ba tun farkon annoba, saboda haka ya yanke cewa ɗan leƙen asiri aka turo masa, yana kwaikwayon Malam don ya tsorata shi. Ransa ya ɓaci. Ya ajiye fitilar, ya lallaɓa ba takalmi don kada a ji tafiyarsa, ya fita tsakar gidan, ya leƙa bayan tankin ruwa, ya zagaya bayan tulin itace yana cewa a ransa yau sai ya ga ko wane ne. Yana can a sunkuye yana duba sawu a ƙasa, ya ji wata ƙara mai nauyi, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin tafin ƙafarsa, ƙura ta yi ta fitowa ta ƙofa. Ruwan saman da ya yi ta yoyo a watannin kulle ya cinye lakar rufin ta sama, inda ido ba ya kaiwa, tanderun ya rufta gaba ɗaya a daidai wurin da ya kamata a ce yana kwance.

Ya zauna a bayan itacen yana kallon ƙurar. Yana nan zaune aka kira la'asar. Ba a jima ba sai ya ji ƙarar baro, ya leƙa ta tsakanin itatuwa, sai ga ƙaninsa ya turo baro har cikin gida. Ku ji ikon Allah, mutumin da ya tsallake mutuwa yanzun nan, abin da ya fara zuwa masa shi ne: ga shi nan, ko goben ma bai iya jira ba, ya zo kwasar buhu. Sai ya ƙara lafewa, don ya kama shi dumu-dumu.

Ƙanin ya yi sallama, shiru. Ya ga ƙura, ya saki baron ya shiga da sauri. Daga inda yake ɓoye Sai-na-gani yana hango komai ta ƙofa. Ƙanin bai ko kalli ɗakin fulawa ba, wanda yau a buɗe yake. Rigar da ke rataye ya gani, sannan takalman nan biyu a bakin tarin bulo. Ya faɗi a kan gwiwoyinsa ya fara tonon bulo da hannu, yana jifa da su baya, yana kira da wata irin murya da yayan bai ƙara ji ba tun suna yara.

"Yaya. Yaya, yi magana. Ga ni nan, Yaya, kada ka motsa."

Farcensa ya ɓalle, jini ya haɗu da toka, bai tsaya ba. Sai-na-gani ya kalli iya abin da zai iya kallo, kunya da tausayi suka taru suka kama shi. Ya miƙe ya taka har bakin ƙofa, ba riga, ba takalmi, ya kira ƙaninsa da sunan da tsohuwa take kiransa da shi. Ƙanin ya juyo ya daɗe yana kallonsa, sannan ya zauna daɓas a cikin toka ya rufe fuska da hannayen nan masu jini.

Da hankalinsu ya dawo, ƙanin ya ba da labari. Shi ma addu'a ya je nema da safe, don an hana shi tallafi, Malam ya ce masa ya je ya hura tanderunsa, in an yi la'asar ya tura baro gidan yayansa. Ya ce wallahi shi ma bai ga kan maganar ba, itacen da ya rage masa ke nan ya ƙona a kan tanderun da babu abin gasawa, kuma tun daga gida yake shirin korar da za a yi masa. Suna cikin haka yayan ya ɗaga ƙyallen da ya rufe gwangwanaye, sai ga kwaɓi ya tashi ya cika daidai baki, bai zube ba, bai yi tsami ba, kamar an ce masa ya tsaya nan. Suka yi ta lodi a baro suna kaiwa ƙarshen layi, yayan na turawa saboda hannun ƙanin, mutanen layi na leƙowa ta tagogi suna kallon abin da suka fid da ran gani.

Washegari aka buɗe gari. Jami'ai suka zo suka tarar da burodi a kan tebur, mutum biyu a bayansa, suka duba suka wuce, buhunan suka zauna. Tsohuwa kuwa da aka kai mata burodin farko, ta riƙe shi a cinya ta kasa ci.

Ɗaliban da ke ɗaukar karatu a bakin taga ranar sun shaida cewa gab da la'asar, mai karatu na tafiya daidai babu kure ko ɗaya, Malam ya ɗaga kai ya yi gyaran murya, har mai karatun ya tsaya yana neman inda ya ɓata, Malam ya ce masa ya ci gaba, ba da shi ake ba. Da Sai-na-gani ya zo neman gafara, ya durƙusa nesa da taga ya fara zayyana irin zaton da ya yi, Malam ya ɗaga hannu ya tsayar da shi.

"Ni ban yi komai ba, Allah ne ya san bawansa. Ya san ba za ka ji magana ba, amma za ka bi sawun zargi ko ina ya nufa, sai ya fitar da kai ta ƙofar da ka saba bi." Ya ɗan yi murmushi. "Ka gani?"

"Na gani, Allah ya gafarta Malam."

"To, makullin nan na aljihunka, ba wa ƙaninka ya riƙe."

Har yau makullin ɗakin fulawa yana hannun ƙanin, hannun da farce ɗaya bai sake fitowa daidai ba. Wannan ɗigo ne daga tekun abin da Allah ya yi wa shehinmu na baiwa, mai haƙuri da masu munana masa zato, mai tausayin wanda ya ƙi jin maganarsa fiye da wanda ya ji. Allah ya ƙara masa lafiya da kusanci, ya wanke zukatanmu daga zargin bayinsa, ya yaye mana annoba ta fili da ta ɓoye, ya sa mu cikin waɗanda albarkarsa za ta lulluɓe duniya da lahira. Amin.