Kunkuru Mai Tsaron Rijiya

Ga ta nan, ga ta nanku!
Ta zo mu saurara!

Jam'iyyar dabbobi ta ci zaɓe, sai ta rabu gida biyu, ɓangaren Kura da na Dila. Ga rani, rijiya ɗaya ce, tsoho Kunkuru ke tsaronta.

Kura ta ce, "Baba, hana mutanen Dila ruwa, in ba ka kujera."

Dila ma ya lallaɓo ya ce, "Baba, kori 'yan Kura, in naɗa ka shugaba."

Ranar taro Kunkuru ya tona asirinsu, ya ce, "Da na bi ku biyun, yau ba mai shan ruwa, har ku."

Ya zura guga ya shayar da kowa. Kura da Dila suka sha a ƙarshe, kai a sunkuye.

Ƙurunƙus, ga kan kusu nan!