Dalilin da Ya Sa Matan Indiya Ke Zane da Garin Shinkafa a Ƙofar Gida

A'a Nusaiba, ba alli ba ne, garin shinkafa ne. Riƙe wayar da kyau kar ta faɗi. Wannan hoton a ƙofar gidan da muka sauka na ɗauka, lokacin da na raka Yaya Gambo asibiti a Indiya. Ni ma da na gani sai da na ce kai, abinci a ƙasa? Tsohuwar gidan ce ta ba ni dalilin da ya sa suke yi, kamar yadda kakarta ta ba ta. Ku matso.

Wai a da can ba a yin zanen, shara kawai ake yi a yayyafa ruwa. To aka yi wata shekara ta fari, a wani gida ba abin da ya rage na iri sai tukunya ɗaya ta shinkafa. In ta ƙare, ba shuka. Aka damƙa ta a hannun wata mata, Tangam, matar ƙaramin ɗan gidan.

Sai tururuwa ta gano tukunyar. Ramin tururuwar kuwa yana nan gab da ƙofa. Tangam ta rataye tukunyar, tururuwa ta biyo igiya. Ta liƙe bakin da laka, tururuwa ta huda. Kullum da sassafe sai ta yi layi, shiga da fita, sai rana ta yi zafi take komawa rami. Kafin a ankara iri ya koma rabi.

Ran nan da safe wan mijinta, Kandan, ya fito da tafasasshen ruwa a tulu, yana huci. Uwarsu, tsohuwa Ponni, ta riga shi zuwa, ta zauna daɓas a bakin ramin.

Su fa a imaninsu ba a wasa da rai ko na ƙwaro ne. Suna cewa in mutum ya mutu ransa kan dawo a wani jiki. Kowa da abin da ya taso ya tarar.

Kandan ya ce, “Inna, tashi.”

Ta ce, “Zuba. Ka fara da ni. Ka san ko ubanka na cikinsu?”

Ya ce, “In yana ciki, ai ya san jikokinsa za su ci abinci baɗi. Tashi, tulun nan yana ƙona min hannu!”

Tangam na tsaye a gefe. Ta san tsohuwar ba za ta tashi ba, ta kuma san zuciyar Kandan. Ta ce, “Yaya, ka ba ni zuwa rana ta hau kan bishiyar kwakwar can. In ko ɗaya ta tsallake dokin ƙofa, ni da kaina zan ɗauke Inna.”

Ya dube ta sama da ƙasa ya ce, “Ko ɗaya.”

Ta ruga ciki ta ɗebo garin shinkafar da za ta yi wa yara wainar safe, ɗan kaɗan ne a ƙwarya. Ta zube rabi tsibi guda a kan hanyar tururuwar. Wasu suka yanyame shi, sauran suka kewaye abinsu suka nufi ƙofa.

Kandan ya ce, “Kin ƙara musu da kalaci ke nan.”

Tangam ta koma kan ƙwaryar. Ta sake damƙo gari, sai garin ya riƙa tsiyaya ta tsakanin yatsunta, siriri kamar zare. Tana dubawa sai ta ga na gaba-gaban sun juya sun bi zaren, suna tsinta. Ta ja hannu hagu, suka bi hagu.

Ai sai ta durƙusa. Ta ja layin ya lanƙwasa, ya zaga, ya ratsa kansa, ya sake zagawa. Tururuwa ta cika shi baƙi ƙirin, kowace na bin ta gabanta. Amma garin na ƙarewa, rana kuma ko rabin bishiya ba ta kai ba. Ga bakin layin can ya tsaya, taku ɗaya tsakaninsa da ƙofa, ga wata ƙatuwa ta doso shi da rundunarta a baya.

Kandan ya gyara riƙon tulu. Tsohuwa ta rufe ido tana addu'arta.

Tangam ta kife ƙwaryar a tafin hannu, ta kankare gindin da farce. Ɗan abin da ya fito ta murza, ta ja bakin layin ta mayar da shi ta haɗe da mafarinsa. Ƙatuwar ta iso wurin, ta tsaya tana kaɗa gashin kanta. Can sai ta juya, ta bi zagayen.

Haka suka yi ta zagawa, ba farko ba ƙarshe, har rana ta hau kwakwa, ƙasa ta ɗau zafi, suka koma rami kowace da ɗan garinta.

Kandan ya ajiye tulun, tafin hannunsa duk ya yi ja. Ya ce, “Yau kin tsira. Gobe fa?”

Ta ce, “Gobe ma zan yi.”

“Jibi fa?”

Ta ɗago ta dube shi, ta ce, “Muddin suna fitowa, Yaya.”

Aka shuka irin nan, ya yi. Maƙwabta suka gani suka ɗauka.

Shi ya sa har wa yau, a can kudancin ƙasar, kafin rana ta fito za ki ga mace ta sunkuya a ƙofar gida tana murza gari, layi na shiga cikin layi, kuma ba ta ɗagowa sai ta haɗe bakinsa.

Bari in tashi, na ji sallamar matan unguwa a zaure, kar in bar su a tsaye.