Tukunyar Kawu Orazbek

Akwai wani mutum mai suna Orazbek, shugaban aikin kwance tsohuwar tashar nukiliya da ke bakin tekun Kasfiya. Tun yana saurayi ya shiga tashar, har aka kashe ta, aka ce a wargaza ta a hankali, ƙarfe bayan ƙarfe.

Mutum ne mai kyauta, wannan ba a raba shi da ita. Sai dai girman kai, Allah Ya sawwaƙe! In ya ce ƙarfe mai tsabta ne, to ko na'ura ba ta isa ta musa ba.

Dokar wurin kuwa ɗaya ce: ko ƙusa ba ta fita ƙofa sai an auna ta, an tabbatar babu burbushin guba a jikinta. Orazbek na ganin wannan dokar ta yara ce.

"Ni da hannuna na ɗaura rabin ƙarafan nan," in ji shi. "Da ido nake gane mai lafiya."

Rannan hukumar sa ido ta turo sabon mai bincike, wani siririn matashi mai suna Nurtas. Ba za a fara yanka manyan bututu ba sai ya sa hannu. Manyan Orazbek kuwa sun riga sun gaya masa ba ɓoye-ɓoye: in wata ya ƙare ba a fara yankan ba, ya tattara ya bar kujerar.

Nurtas ba ya sauri. Ya duba kwano, ya leƙa kwata, ya ɗaga murfin da tun da aka rufe shi ba wanda ya ɗaga. Orazbek na biye da shi yana cizon leɓe. Ya ba shi shayi, ya sha ya gode, ya ci gaba da leƙe-leƙensa.

Sai dabara ta faɗo wa Orazbek.

"Yaro, kai ɗan wane ne?"

Nurtas ya faɗa. Babu alaƙa.

"To mahaifiyarka fa? 'Yar wace zuriya ce?"

Nan Orazbek ya zauna ya yi ta jan kakanni kamar mai jan guga, har ya kai ga wani tsoho da ko kabarinsa ba a sani ba, wai ƙanin kakan kakansa ne. Ya yi tsalle ya rungume Nurtas.

"Ashe ɗan 'yar'uwata ne! Ni kawunka ne, ja'iri, ka zo kana mini kallon baƙo? Asabar kana gidana."

"Oreke," in ji Nurtas, da yake haka ake kiran Orazbek don girmamawa, "aiki ne ya kawo ni. Bai dace ba."

"Aiki yana cikin shinge, gidana yana waje. Kuma daga yau kawu za ka ce."

Ranar Asabar da hantsi gida ya cika. An yanka tunkiya, ga naman doki a kan faffaɗar taliya, ga dattawan unguwa an jera su shaida. Orazbek ya yanko kunnen tunkiya ya miƙa wa Nurtas.

"Ci, don ka riƙa jin maganar manya."

Aka yi dariya. Sai uwargida Balkiya ta ce a fito da nonon raƙumi. Samari biyu suka ɗauko wata ƙatuwar tukunyar farin ƙarfe, tana sheƙi, ba tabo ba tsatsa.

"Babu mai irin ta a garin nan," in ji Orazbek yana shafa gefenta. "Nono ya kwana a ciki, sai ka ce a aljanna aka dama."

Nurtas ya riƙe kofinsa bai kai baki ba. A gindin tukunyar akwai ɗigon shuɗin fenti, irin wanda ake yi wa kayan cikin tasha. Ya dubi jikokin gidan, kowane da farin gashin baki na nono.

Amma ikonsa a bakin shingen tasha ya tsaya. Ba shi da hurumin taɓa ko cokali a gidan mutum.

Orazbek ya gyara murya. "To jama'a, ga ɗan 'yar'uwata. Jibi zai sa mini hannu, don jini ba ya ƙarya. Ko ba haka ba, ɗana?"

"Kawu," in ji Nurtas a hankali, "da gaske ni ɗan 'yar'uwarka ne?"

"A gaban dattawa na faɗa!"

"To ina son tukunyar nan."

Abin da Orazbek ya manta garin jan kakanni shi ne, a al'adarsu, ɗan 'yar'uwa in ya nuna abu a gidan kawunsa, ya zama nasa, har sau uku, kuma kawu ba ya cewa a'a.

"Tukunya kuma? Ɗauki darduma. Ɗauki maraƙin raƙumi!"

"Tukunyar dai, kawu."

Wani tsoho mai suna Sagindik, maƙwabcinsu, ya kyalkyale har haƙoransa na roba suka motsa. "Ba shi, Oreke! Kai ka haƙo zumuncin nan daga kabari, ba mu ba."

Aka juye nonon, Nurtas ya sa aka kai tukunyarsa tsakar gida. Tunda ta zama tasa, ya je mota ya ɗauko na'urar awo. Ya bi cikinta, shiru. Ya bi baki, shiru. Orazbek ya fara murmushi yana kallon jama'a.

Da aka kifa ta, na'urar ta kai gindi, sai ta ɓarke da kuka kamar gyare.

Kafin ka ce kwabo, dattawa sun yi bakin ƙofa. Wani ya dafe ciki yana salati, wani yana tofar da nonon da ya sha tun bara. Sagindik ya bar takalminsa ƙafa ɗaya.

Balkiya ce kaɗai ba ta gudu ba. Ta dubi tafin hannunta, ta dubi mijinta.

"Ka ce mini a kasuwa ka saya."

"Daga ɓangaren da ba guba na ɗauko ta, wallahi, da idona na..."

"Idon naka ya ci ƙaniyarsa! Kullum da hannun nan nake wanke gindinta, sannan in ɗauki jikokinka."

Nan ne fa tsoro na gaske ya kama Orazbek. Ya tsuguna ya rungumo ƙaramar jikarsa. Kujerar da yake ta wa hidima ko tunawa da ita bai yi ba.

Nurtas ya durƙusa kusa da shi. "Kawu, gubar ba ta da yawa, kuma a bayan tukunyar take. Amma yau kowa zai je a auna shi. Sannan ina da roƙo na biyu. Wa da wa ka ba kyautar ƙarfen tasha?"

"Haba ɗana, ka rufa mini asiri..."

"Faɗa masa," in ji Balkiya, "kafin ya nemi na uku ya ce ni yake so in koma gidan ubana. Don wallahi zan bi shi."

Ya faɗa. Ashe rabin unguwa ne: mai bututun rumfa, mai ƙofar garke, mai kwamin shayar da raƙuma.

Allah Ya taimaka, aka auna iyalin da nonon, ba a sami komai ba. Sa hannu dai bai samu ba, wata ya ƙare, kujera ta tafi. Amma abin da ya fi yi wa Orazbek ciwo shi ne ranar da ya bi motar hukuma gida-gida, yana sallama yana karɓe kyautar da ya yi da hannunsa, yara na biye da shi.

Gidan ƙarshe na Sagindik ne. Tsohon ya tsaya yana kallo ana ɗora kwamin raƙumansa a mota, sannan ya juyo.

"Oreke, tun muna samari nake gaya wa mutane kai mai kyauta ne. Ashe aro kake bayarwa."

Orazbek ya ja hularsa ya rufe fuska, ya haye motar hukuma.

Darasi: Dokar da kake ganin ta yi maka ƙanƙanta, wataƙila 'ya'yanka take tsarewa. Kuma kada ka jawo zumunci don ka toshe bakin gaskiya, domin ɗan'uwa na ƙwarai shi ne mai hana ka cutar da kanka. Ku tura wa duk wani kawu da kuka san yana auna abu da ido.