Takabar Tabawa a Bakin Waya

Dalilin da ya sa mutum yake jin zafi in an ce masa ɗan bariki, yara, ba daga sojoji abin ya taso ba. A da, bariki wurin kwanan soja ne kawai, ɗakuna a jere an shafe su da farar ƙasa.

An yi wata mata, Tabawa, matar Kofur Mati, suna zaune a bariki da 'yarsu ɗaya, Lantana. Aka tafi da Mati yaƙi bai dawo ba, sai bargonsa aka kawo mata. Ta shiga takaba, kun dai san mace ba ta barin ɗakin mijinta sai ta cika wata huɗu da kwana goma.

Ran kwana bakwai Samanja ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa. Ya ce ɗaki na mai riƙe da bindiga ne, har an ba wani. Ta roƙe shi ya bari ta gama. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Uwar Lantana, ni ma umarni aka ba ni."

Ba ta da uwa ba ta da uba, sai ta goya yarinya ta kama hanyar garin su Mati, tafiyar kwana uku. Yayansa ko sallamarta bai amsa ba. Ya ce matar da ta fito yawo da takaba a kanta ba za ta shigar masa gida ba. Ta yi ta bayani, ya ce halin bariki ne ta koyo.

"To Yaya, ina za ni?"

"Inda kika fito."

Ta koma bariki. Ciki aka hana ta shiga, sai ta kafa rumfar zana a bakin wayar da ta kewaye barikin tana tuƙa wa sojoji tuwo. Duk wadda aka yi wa irin korarta, nan take zuwa ta raɓa. Masu wucewa su ga mata ba mazaje, su taɓe baki su ce matan bariki. Lantana ta girma ba ta da wani aibi, amma duk wanda ya zo neman aurenta, da ya ji inda ta tashi sai ya ɗauke ƙafa. A rumfar nan Tabawa ta rasu, tana cewa da sauran takabar Mati a kanta.

Shi ya sa har yau, duk da bariki sunan gidanmu ne, da shi ake zaginku a makaranta. Ɗakin nan da muke zaune ma ba namu ba ne. Ku ɗaga hannu ku roƙi Allah ya dawo da babanninku daga yaƙi.