Tsakuwa Ɗaya a Tulun Hayin Magina

An ce wani sarki ya yi zamani a wani birni mai ƙofofi shida. Mutum ne mai fara'a, mai son a kira shi adali, kuma ba laifi yana ƙoƙarin cancantar sunan. Wata shekara aka yi damina mai ƙarfi, da ruwa ya ɗauke sai aka tarar hanyoyin birnin nan duk sun lalace. Wata ta cika da ramuka, wata zaizaya ta cinye gefenta, wata kuwa ko jaki sai an lallashe shi yake yarda ya bi ta.

Sarki ya kira Sarkin Gini ya tambaye shi yadda za a yi. Sarkin Gini ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce in an duba yawan mutanensa da jakunan ɗaukar marmara, hanya ɗaya tak za su iya gyarawa gyara na ƙwarai kafin wata damina. In kuwa aka raba aikin gida shida, ruwan farko zai wanke shi duka.

Aka kawo maganar fada. Galadima ya ce hanyar masallacin Idi ce ta fi cancanta. Madugu ya ce ta Unguwar Fatake, don ta nan baƙi ke shigowa su ga mutuncin gari. Kowa ya kawo hujja mai daɗin ji. Sarki yana saurare yana murmushi, don ya lura duk hanyar da mutum ya ambata, ta ƙofar gidansa ta bi.

Sai Waziri, wanda ake kira Kailani, ya kawo shawara. Ya ce a ajiye tuluna shida a ƙofar fada, kowace hanya da nata. A yi shela, duk wanda hanyarsa ta dame shi ya zo ya jefa tsakuwa ɗaya a tulunta. Bayan kwana bakwai, tulun da ya fi cika shi ne ya ci. Sarki ya ji daɗin wannan dabara ƙwarai, ya ce ai ko alƙali bai fi ta gaskiya ba.

Kwana bakwai ƙofar fada ta zama kamar kasuwa, har masu ƙosai suka kafa kaskonsu a wurin. Ran nan aka zo dubawa. Tulun Unguwar Fatake ya cika ya batse, har an ƙara masa wani. Sauran kowanne da gwargwadonsa. Da aka girgiza na Hayin Magina, wata unguwar masu ginin tukwane da ke ƙetaren rafi, sai aka ji abu ɗaya yana ƙwal-ƙwal a ciki. Aka juye, tsakuwa ɗaya ta faɗo.

Fadawa suka yi dariya, sarki ma ya dara. Amma abin ya tsaya masa a rai, ya tambayi dogarin ƙofa ko ya ga wanda ya jefa ta. Dogari ya ce wani tsoho ne mai ɗorin karaya, sunansa Mantau, gidansa yana nan bayan kasuwa. Sarki ya sa aka kira shi.

Mantau ya zo da 'yar rigarsa mai warin man shanu, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Sarki ya ce, “Kai da kake bayan kasuwa, me ya haɗa ka da hanyar Hayin Magina? Ko kana bin ta ne?”

Mantau ya ce, “Ya sarki, ni ba na bin ta, ita ce take bi na har gida. Ba a yin mako ba ta aiko mini da ƙafa ko hannu ba.”

Sarki ya ce to ai in an gyara ta, sana'arsa ce za ta mutu. Tsoho ya yi dariya, ya ce kada sarki ya ji tausayinsa, muddin akwai giginya a ƙasar nan da masu gardamar hawanta, ba zai rasa aikin yi ba.

Maganar tsohon ta yi wa sarki daɗi, sai ya so ya gwada shi. Ya ce, “To, gaya mini, wace hanya ce ta fi tsawo a birnina?”

Mantau ya ce, “Ita ce dai, ya sarki. In ka tsaya a wannan gaɓa ka yi kira, na waccan gaɓa zai amsa. Amma na san matar da ta kamo ta tun tsayuwar wata za ta kasuwa, har yau ba ta iso ba.”

Aka tambaye shi ma'anar wannan. Ya ce wata mata ce mai suna Tabawa, ta ɗauko tukwane takwas za ta sayar, santsi ya kwashe ta a bakin rafi. Tukwane suka farfashe, ƙafa ta karye, tana nan kwance a gidansa matarsa tana jinyarta.

Sarki ya ce Allah ya ba ta lafiya, amma hukunci ya riga ya tabbata, ba a ɗaukar tsakuwa ɗaya a bar tulu biyu. Mantau ya sunkuyar da kai, ya ce, “Gaskiya ne, ya sarki. Sai dai tsakuwa ba ta da ƙafa, ɗauko ta ake yi. Duk wanda ya jefa tasa a nan, hanyarsa ce ta kawo shi, ta kuma mai da shi gida lafiya. Tulunanka sun gaya maka waɗanda suka iya zuwa. Ba su gaya maka waɗanda suka kasa ba.”

Waziri ya ga ana neman rushe masa dabara, ya ce wannan duk kare lalaci ne, mai bukata ko ta yaya sai ya iso. Mantau ya ce shi ba ya jayayya da Waziri, amma da Waziri zai taimaka ya je Hayi ya ɗauko tsakuwa ɗaya ya dawo kafin azahar, da magana ta ƙare. Sarki ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce an yarda, shi ma da shi za a je.

Da gari ya waye suka sa tufafin talakawa, su uku suka fita a ƙasa. Da suka wuce ƙofar gari kaɗan sai hanya ta ƙare. Inda kadarko yake a da, ruwa ya tafi da shi, ya bar wani kwazazzabo mai zurfin gaba biyu, an gitta masa kututturen giginya guda, duk gansakuka. Waziri ya dubi kututture ya ce shi ta ƙasa zai bi. Bai yi taku biyar ba laka ta kama shi har gwiwa, da ƙyar aka zaro shi, takalminsa ɗaya ya zauna can. Sarki ya hau kututture a tsaye da ƙarfin hali, da ya kai tsakiya ya leƙa ƙasa, sai ya ga girma ba na nan ba ne, ya durƙusa ya ƙarasa da rarrafe. Mantau kuwa ya bi bayansa yana cewa ya kwantar da hankalinsa, ko an faɗi ga maɗori a kusa.

Da suka hau tudu suka tarar da tukwane da randuna an jibge su ko'ina, an gasa an rasa hanyar kai su kasuwa. A tsakiyar unguwa kuma ga wani tulin tsakuwa ya kusa kai ƙirjin mutum. Wani magini mai suna Nomau, mijin Tabawa, ya fito ya yi musu maraba, ya kawo ruwa a sabon kasko, bai san ko su wane ne baƙin da Mantau ya kawo ba.

Sarki ya tambaye shi wannan tsakuwa ta mece ce. Nomau ya ce kwanakin baya mai shela ya zo ya tsaya can ƙetare ya yi ta magana, iska tana kwashewa, abin da suka tsinta kawai shi ne sarki yana son tsakuwa. Suka ɗauka gini zai yi. Shi ne suka fita maza da mata suka tara masa wannan, suna jiran rafi ya bushe su kai, don kada a ce mutanen Hayi ba su taimaki sarkinsu ba.

Sarki ya zagaya tulin nan yana dubawa. Can ya juya ga Waziri ya tambaye shi tulu nawa wannan za ta cika. Waziri, yana tsaye da takalmi ɗaya, ya ce a ganinsa ta fi ƙarfin tulunan fada duka, shi kuma ya janye maganarsa ta jiya.

A nan Nomau ya gane wanda ya sha ruwa a kaskonsa, ya zube ƙasa yana neman gafara. Sarki ya kama hannunsa ya tashe shi, ya ce saƙonsu ya iso, kuma ba sai sun kai tsakuwar fada ba, a nan za a yi aiki da ita.

Kafin mako ya zagayo Sarkin Gini ya sauka a bakin rafi da mutanensa. Aka kafa kadarko na azara a kan ginshiƙan dutse, aka zuba marmara aka daɓe tun daga Hayi har ƙofar gari. Fatake suka yi ɗan gunaguni, sarki ya yi musu alkawarin shekara mai zuwa, ya kuma cika. Tabawa ta warke, ita aka ba ta fara ƙetarewa, da tukwane goma a ka.

Sarki ya so ya naɗa Mantau sarauta ya zauna a fada. Tsoho ya yi godiya ya ce a yafe masa, a fada ba a karyewa sai dai a yi tuntuɓen harshe, wannan kuwa bai iya ɗorinsa ba. Sarki ya yi dariya ya ƙyale shi. Amma daga ranar ya kafa doka, duk ƙarshen damina Sarkin Gini da Waziri su zaga birni a ƙasa, su faro daga unguwar da ta fi nisa da fada, kafin a saurari kowa.

Masu ba da labari sun ce har ya tsufa, in an kawo masa ƙara yakan tambaya wane ne bai samu zuwa ba, sannan ya ce, “Sarkin da ke jiran kuka ya iso ƙofarsa, na kusa kaɗai zai yi wa adalci.”