Ranar da Ladidi ta kama sunan 'yar farinta

Ƙawata, matso kusa ki ji wannan, ki yi mini alƙalanci.

Wata mata ce ana kiranta Ladidi, 'yar farinta Rumasa'u, budurwa mai shekara goma sha shida. Kin san alkunyar ɗan fari. Ladidi ba ta taɓa kama sunanta ba, sai dai "ke" ko "waccan". Da aminiyar Rumasa'u ta rasu, sai yarinya ta shige ɗaki ta saki labule. Ta bar makaranta, ba ta cin komai sai biskit da lemon kwalba, ido ya zurma, har ta fara cewa zaman duniyar ya ishe ta. Ladidi tana jiyowa daga madafa, amma kunya ta ɗaure mata baki, sai dai ta kai kukanta ga Allah a sujada.

Gwaggon yarinyar, Tabawa, ma'aikaciyar jinya ce. Da ta duba ta sai ta ce, "Wannan ba shagwaɓa ba ce, ba kuma iska ba. Ciwon damuwa ne, yana da magani." Ta sha fama da mutanen gida kafin su yarda ta kai ta asibiti. Likita ya ba da magani, ya sa ranakun da za a riƙa zama da ita ana tattaunawa, ya ce a haɗa da abinci mai gina jiki.

Kakarta ta wajen uba, Iya Dudu, duk da ciwon gwiwa, ta ce girki nata ne. Yau kwaɗon zogale da ƙuli, gobe faten wake da kifi da alayyafo, ga nono, ga gwanda. Tana ajiyewa tana tsiya: "Tashi ki ci, ramammiya, kar gari ya ce na yi miki rowa!" Amma kwano yadda ya shiga haka yake fitowa.

Ran nan bayan azahar Ladidi ta ɗauki kwanon a gaban surukarta, ta shiga ɗakin, ta zauna a tabarma.

"Rumasa'u."

Yarinya ta ɗago. "Umma, ni kika kira?"

"Ke fa. Ba zan ci ba sai kin ci."

Suka sa hannu a kwano ɗaya. Maƙwabta suka ce Ladidi ta zubar da kunya. Ta toshe kunne, kullum tare suke ci.

Sannu a hankali magani ya karɓe ta, kumatu suka ciko, dariya ta dawo. Alhamdu lillahi, ta koma makaranta, bana ta sauke Alƙur'ani, da kanta ta yi ta rabon abinci ranar walima.

Don Allah zancen ya tsaya tsakaninmu, yarinyar ba ta son a yi ta yi da ita. To, tsakanin gwaggon da ta gane ciwon, da kakar da ta girka, da uwar da ta ajiye kunya, wace ce Rumasa'u za ta fara durƙusa wa ta yi godiya?